Ramin Gwaji a Gindin Kufena

Mun kafa turaku huɗu, mun ja igiya,
taki biyu tsawo, taki biyu faɗi,
a gonar Baba Cindo, tana jiran ruwan shuka.
Malam Shekarau ya ce mu bi ƙasa a sannu,
ba a yi mata tambaya biyu a lokaci guda.

Abin da ta fara ba mu leda ce,
da murfin kwalba, da anini mai huji.
Baba Cindo ya yi dariya daga inuwar ɗorawa:
"Tun daga Samaru kuka zo tonon juji?"

Taƙi uku ƙasa, launi ya sauya,
ja ya koma baƙi-baƙi, toka ta fito,
ga kashin maƙera ya dunƙule kamar tsohon fushi.
Lantana ta ɗago tsingaro, ta hure shi.
An mirgina masa igiya tun yumɓu na ɗanye,
a bakinsa kuma shatin babban yatsa.
Na ɗora nawa a kai.
Ya zauna daram, kamar mai shi ta ɗan fita ne
ɗebo ruwa, yanzu za ta dawo.

Rana ta huɗu, dutsen niƙa.
Cikinsa ya lotsa kamar ƙwarya.
Na so in ƙirga asubahin da suka cinye shi,
gwiwa nawa, kafaɗa nawa,
lissafi ya ƙi.

Muka zuba ƙasar murhu a bokitin ruwa,
gawayi ya taso, muka tare da rariya,
a ciki ƙwaya ɗaya, baƙa ƙirin,
ba ta kai idon fara ba.
Wata ce ta yi sakaci, hatsi ya faɗa wuta,
wataƙila har ta sha faɗa.
Abin da aka ci ya bi cikin masu ci.
Abin da ya ƙone, shi ya iso gare mu.

Malam ya ce, kafin rumbu akwai ciyawa
mai zubar da 'ya'yanta da iska ta taɓa ta.
Wani ya lura da zangarniyar da ta riƙe nata,
ya kai gida,
yunwa na cizo, ya hana cikinsa tafi guda.
Ranar aka fara noma,
ba ranar da aka ƙera fartanya ba.

Da dare, a ɗaki, barci ya ƙi,
sai na kafa turaku a bakina.
A sama-sama na tsinci tumatir da karas.
Ƙasa kaɗan, alkama da albasa,
har yanzu da ƙurar ayari a jikinsu.
Ga masara ɗauke da sunan wata ƙasa a ka.
Na ci gaba da tono:
gero, dawa, tuwo, iri.
Nan cokalina ya daki fa.
Wa ya fara cewa gero? Da wa yake magana?

Na tambaya da safe. Malam ya girgiza kai:
"Tsingaro zai gaya maka abin da ta dafa,
ba zai gaya maka yaren da ta kira yara
su zo su ci ba. Kar ka sa mata Hausa a baki
don kawai yatsanku ya zo ɗaya."

Ranar cike rami hadari ya haɗo ta gabas.
Baba Cindo ya ce a mayar masa da kunyarsa yadda take,
sannan a nuna masa abin da aka samu.
Na miƙa masa ƙwayar a 'yar kwalba.
Ya ɗaga ta sama, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe.
"Ku kuka ce gero? Wannan maiwa ce."

Malam bai yi gardama ba.
Ya buɗe littafi, ya rubuta maiwa,
ya sa alamar tambaya,
ɗigon farko ya faɗo a kan tawadar.